Iccen da ya koma dutsi

Ina gaida ɗaliban cibiyoyin karatun manya, maza da mata, tare da malamansu, tun daga birnin Tawa har Kaita, Buza, Tabalak, Abalak, Kao da Cintabaradan. Ina gaida kuma waɗanda za su karanta wannan hira a takarda bayan an watsa ta. Hirarmu ta yau a kan wani irin dutsi ce, wanda da yawa daga cikinku, musamman makiyaya da masu ginar rijiya, kun taɓa yin tuntuɓe da shi a daji.

Wata rana bayan la'asar, a cibiyar da nake koyarwa a nan Tawa, wani dattijo daga cikin ɗalibaina ya shigo da wani abu ƙunshe cikin tsumma. Dattijon ya yi shekara fiye da 30 yana ginar rijiyoyi a arewacin Adar. Ya ajiye ƙunshin bisa tabarma, ya kwance, ya ce: "Malam, kai kac ce muna tambaya ba ta da laihi. To, ga tawa. Wanga abu icce na ko dutsi na?"

Abin ya yi tsawon kamu guda. In ka dube shi, faskare ne sak: ga zanen jijiyoyin icce a jere, ga gurbin da reshe ya fito, ga wani gefe mai kama da ɓawo. In ka ɗauka kuwa, sai nauyi ya rinjayi hannunka. Ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Dattijon ya ƙara da cewa: "Uwargida tas sa shi murhu, yak kwana cikin wuta, bai ci ba." Aka yi dariya. Wani ya ce aikin aljannu ne. Wata ta ce kakarta ta gaya mata irin wannan icce na zamanin ruwan Ɗufana ne. Wani saurayi ya ce ai dutsi ne kawai, ido ne ke ruɗin mutum.

Na ce wa dattijon: "Baba, tambayarka amsa biyu gare ta, kuma duk gaskiya ne. A da icce ne, ya yi saiwa, ya yi ganye, ya sha ruwa. Yanzu kuwa dutsi ne." Abin da na bayyana masu ran nan, da abin da ya biyo baya, shi na kawo maku yau. Ku gyara zama.

Yadda icce ke komawa dutsi

Kowa ya san abin da ke samun icce in ya faɗi a daji. In mata masu neman itacen wuta ba su riga kowa ba, gara ta hau shi, ƙwari su huda shi, funfuna ta kama shi da damina, bayan ƴan shekaru ko alamarsa babu. Haka yake ga kusan dukan itatuwan da suka taɓa tsirowa a duniya. Kafin icce ya koma dutsi sai abu huɗu sun haɗu, kuma da wuya suke haɗuwa.

Na farko, sai an rufe shi da sauri. Ku tuna yadda kwari ke kawo ruwa bayan babban hadari, ya tumɓuke gawo ko bagaruwa, ya ja shi, ya binne shi cikin laka da rairayi. Abubuwan da ke ruɓar da icce suna bukatar iska kamar yadda mu ma muke bukata. Iccen da aka binne da zurfi cikin jiƙaƙƙiyar laka, inda iska ba ta kai, yana daɗewa ƙwarai bai ruɓe ba.

Na biyu, sai ruwan da ke ratsa wurin yana ɗauke da narkakken dutsi. Kada wannan ya ba ku mamaki. Kun san gishiri da kanwa suna narkewa cikin ruwa har ido ya daina ganinsu, in ruwan ya ƙafe su sake fitowa. Kun ga kuma farin ɓawon da ke taruwa cikin butar shayi in ta daɗe ana dafa ruwan rijiya a cikinta. Wannan ɓawo dutsi ne da ruwa ya ɗauko daga ƙarƙashin ƙasa. To, akwai wani sinadari da masana ke kira silika. Ita ce ainihin farin rairayi da dutsin ƙanƙara, da ita kuma ake yin gilashi. Tana narkewa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, musamman inda akwai tokar duwatsu masu aman wuta, ko inda wasu duwatsu ke rududdugewa.

Na uku, sai ruwan ya shiga cikin iccen. Icce ba a toshe yake ba. In kun sa ɗanyen icce a wuta, kuna ganin kumfa na fita ta ɗaya bakin. Dalili, cikinsa cike yake da ƙananan kafofi a jere, waɗanda ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Ta waɗannan kafofi ruwa mai silika ke shiga. Silikar ta manne a bangon kowace kafa, ta yi ta taruwa har ta cika ta. Naman iccen yana lalacewa sannu a hankali, silika tana maye gurbinsa. Da tafiya ta yi nisa sai ta ƙara taurara, ta koma irin dutsin ƙanƙara.

Ga misali daga wurin maƙeran azurfa. In maƙeri zai yi abin wuya irin na Agadas ko na Tawa, yakan fara siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa. Kakin ya narke ya fita, ya bar gurbinsa. Sai ya zuba narkakkiyar azurfa, ta cika gurbin, ta ɗauki siffar kakin daidai. Kaki ya tafi, siffa ta zauna. Haka abin yake ga iccen nan. Sai dai azurfar maƙeri siffar waje kaɗai take ɗauka, silika kuwa har ta ciki take ɗauka, kafa bayan kafa. Saboda haka masana kan yanki wani ɗan ɓangare, su goge shi har ya yi sirantakar da haske ke ratsa shi, su sa a madubin likita, su ga tsarin cikin iccen kamar jiya aka sare shi. Ta haka suke gane ko wane dangin icce ne.

Na huɗu, sai ƙasar da ta rufe shi ta yaye. Ruwa da iska suna cin tudu kullum. Laka da dutsin rairayi sun fi shi taushi, su ke fara tafiya, shi ya rage a fili. Shi ya sa ake yawan samunsa a gefen tudu, a bakin kwari, da kan fako.

Launinsa kuwa daga abin da ruwan ya haɗo da shi ne. Ja, da rawaya, da ƙasa-ƙasa, daga ƙarfe suke, irin wanda ke cikin tama da marmara. Baƙi yakan zo daga wani ƙarfe da ake kira manganis, ko daga sauran baƙin iccen kansa. Inda silika ce tsantsa sai ya fito fari ko toka-toka. Kuma in kun ga dogon gungume a kwance, ya rabu gida-gida kamar an yanka da zarto, ba hannun mutum ba ne. Bayan ya taurara ne ƙasa ta motsa, ya kakkarye kamar yadda allin makaranta ke karyewa in ya faɗi.

Wani lokaci tsire-tsire kan bi wata hanya dabam. In sun taru da yawa cikin fadama, ƙasa ta danne su, zafi ya dafa su, sai su koma gawayin ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Anu Araren kusa da Cirozerin, da wanda aka gano a Salkadamna cikin jihar Tawa. Gawayin ƙasa yana cin wuta domin baƙin iccen yana nan. Namu na yau ba ya ci, domin iccen ya tafi. Wannan ita ce amsar murhun uwargidan Baba.

Tun yaushe, kuma a ina?

Duk mai ginar rijiya ya san ƙasa hawa-hawa take: rairayi, sannan marmara, sannan laka fara ko baƙa, sannan dutsi. Ya san kuma na ƙasa ya riga na bisa kwanciya. Masana ilimin ƙasa wannan karatu suke yi, sai dai sun faɗaɗa shi. Suna duba ƙasusuwa da ɓawon halittun da ke cikin kowane hawa, su gwada da na wasu ƙasashe. Akwai kuma wasu sinadarai cikin dutsi masu sakewa a hankali bisa ƙa'ida guda, kamar tulu mai ɗigo: in ka san yawan ɗigon, ka auna abin da ya rage, ka san tun yaushe aka cika shi.

Da irin wannan awo aka gane cewa duwatsun rairayi na Tagama, waɗanda ke shimfiɗe daga gabas da Abalak har gangaren Tigidit, kudu da Ingal da Agadas, sun wuce shekara miliyan 100. A cikinsu ne aka fi samun iccen da ya koma dutsi a ƙasarmu. A wasu wurare gungume ne sukutum, mai tsawon mita da yawa. A can kudu ma, a ƙasar Sakkwato, ana samun irinsa a Gundumi da Illo.

Miliyan 100 ba lissafin wasa ba ne. In mutum ya zauna yana ƙirga ƙwayar hatsi, ƙwaya guda kowane sakan, dare da rana ba barci, sai ya yi kwana 11 da rabi kafin ya cika miliyan guda. Kafin ya cika miliyan 100 kuwa, sai ya yi shekara 3 da wata 2. Kowace ƙwaya kuma shekara guda ce, da raninta da daminarta.

A wancan zamani, inda yanzu raƙumi ke kwana biyu bai ga rijiya ba, manyan koguna ne ke gudu, da fadamu da dazuzzuka. Yawancin itatuwan ba dangin gawo ko aduwa ba ne. Dogaye ne marasa fure, dangin waɗanda a yau ke tsirowa a wasu ƙasashe masu nisa. A ƙarƙashinsu manyan dabbobin nan da ake kira dinozor ke kiwo. Wani Bafaranshe mai suna Philippe Taquet ya haƙo ƙasusuwan ɗaya daga cikinsu a Gadufawa cikin shekarun 1960, aka raɗa masa suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976, wato da sunan ƙasarmu. A 1999 kuma Paul Sereno na Amurka da abokan aikinsa suka ba da bayanin wani mai suna Jobaria, wanda aka haƙo a yankin Ingal. Wanda ya je gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama a Yamai zai ga irin waɗannan ƙasusuwa da idonsa.

Mu dawo gida. A In Besetan, wajen kilomita 90 daga Tawa ta gabas maso arewa, an sami ƙasusuwan kada, da kunkuru, da kifi, da dinozor, waɗanda suka wuce shekara miliyan 80. Bayan wannan zamani teku ta shigo ta rufe ƙasar Adar. A dutsin Igdaman, wajen Kao, an sami haƙoran wata babbar dabbar teku, har aka sa mata sunan wurin. Ƙananan duwatsun nan masu kama da katantanwa da makankari da yara ke tsinta a tuddan Kaita da Buza, halittun wannan teku ne. Farar ƙasar da ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti, ita ma a gindin tekun ta kwanta. Wato ƙasar da muke nomawa ta yi zama daji mai koguna, ta yi zama teku, sannan ta zama yadda muka gan ta.

A nan wata ɗaliba ta tambaye ni: "Malam, kakanninmu ne suka sare dajin nan har ya ƙare?" Na ce a'a, Inna. Lokacin da waɗannan itatuwa suka rayu babu ɗan Adam a doron ƙasa. Mutane sun zo daga baya ƙwarai, suka tarar da su sun riga sun zama dutsi. Mutanen da suka zauna a hamada lokacin da take da ruwa da ciyawa, shekaru dubbai da suka wuce, har sassaƙa shi suka yi, suka yi wuƙaƙe da kan kibiya. Su ne dangin masu yin abin nan da muke kira gatarin aradu.

Yadda za ku gane shi

Ba kowane dutsi mai zane ne icce ba. Ga alamu biyar.

1. Zane. Jijiyoyinsa a jere suke, suna bin tsawonsa. A bakin da ya karye wani lokaci ana ganin zobe cikin zobe, kamar na gungumen da aka sare.

2. Nauyi. Ruwa lita guda kilo guda ne. Wannan dutsi mai girman haka yana kai kilo 2 da rabi. Busasshen icce yakan yi iyo, shi kuwa nutsewa yake nan take.

3. Tauri. Wuƙa ba ta kankare shi. Shi ne ma ke yi wa kwalba zane.

4. Wuta. In an buga shi da ƙarfe yana fid da tartsatsi kamar dutsin ƙyastu.

5. Tsami. Ku ɗiga ruwan lemun tsami. Dutsin farar ƙasa yakan yi ƴar kumfa, wannan ba ya yi.

In za ku tsabtace shi, ruwa da tsohon buroshi sun isa. Kada ku sa masa ruwan batir. Kada kuma ku goge shi a busashe bisa dutsin niƙa ko injin wasa ƙarfe. Ƙurar silika tana shiga huhu ta zauna, ta jawo ciwon ƙirji da ba ya warkewa, irin wanda ke kama masu fasa dutsi da masu haƙar zinariya.

Maganar saye da sayarwa

Bayan an tashi daga karatu ran nan, dattijon ya tsaya har kowa ya fita. Sannan ya gaya mini ainihin abin da ya kawo shi. Ashe guntun da ya kawo ɗan ƙarami ne. A inda ya ɗauko shi, can arewa, kusa da wata rijiya da ya taɓa gina, akwai gungume guda a kwance, rabinsa cikin ƙasa, tsawonsa taki goma sha. Wani dillali ya ce masa in ya farfasa shi ya cika buhuna, zai biya shi kowane buhu. Bana hatsi bai yi ba. Yana da guduma, yana da ƴaƴa maza biyu, yana da amalanke. Ya ce: "Malam, dutsi na. Ba ya ci, ba ya sha. Mi za ni rasa in na saishe shi?"

Jama'a, wannan ba tambayar da ake amsawa da faɗa ba ce. Mai iyali da rumbunsa ya yi ƙasa ba a yi masa wa'azi daga nesa. Gaskiya ne a duniya akwai masu tara irin waɗannan duwatsu. Ana yanka su, a goge har su yi ƙyalli, a ajiye a ɗaki don ado, a yi duwatsun wuya, har tebur ana yi. Amma ku lura, kuɗin yana wurin mai gogewa da mai kanti na can nesa. Wanda ya sha rana ya farfasa, ladan dako kaɗai yake samu, sau guda, ya ci ya ƙare, wurin kuma ya zama wayam har abada.

Sai na ba shi labarin kuskuren da ni kaina na yi. Lokacin da nake makarantar horon malamai, mun yi wata tafiya arewa da mota. A wani wuri da muka tsaya shan iska na tsinci guntu mai kyau, ja da fari, zobensa a fili. Na jefa cikin jaka, ban rubuta kome ba. Bayan shekara biyu na nuna wa wani malamin ilimin ƙasa, ina jin zai yaba mini. Ya juya shi, ya duba, ya ce: "Daga ina?" Na ce daga arewa. Ya ce: "Arewa ina? Bisa tudu ko cikin kwari? Wace irin ƙasa ce ƙarƙashinsa?" Na yi shiru. Ya miƙo mini abina, ya ce in je in tokare ƙofa da shi. Har yau ƙofar ɗakina yake tokarewa. Na ji haushi a lokacin, amma mutumin ya yi gaskiya. Wurin da dutsi yake kwance shi ke faɗin shekarunsa, da inda kogin ya nufa, da irin dabbobin da suka rayu tare da shi. In an raba shi da wurinsa ba a rubuta ba, ya zama kamar takardar da aka yage daga littafi, ba lamba, ba suna.

Ba mu kaɗai wannan abu ya sama ba. A jihar Arizona ta Amurka akwai wani babban fili cike da gungumen da suka koma dutsi, masu shekara fiye da miliyan 200. Mutane suka yi ta kwasa har gwamnati ta sa shi ƙarƙashin tsaro a 1906, ya zama gandun ƙasa a 1962. Duk da haka masu ziyara kan saci guntu su sa aljihu. Daga baya wasu kan yi nadama, su mayar ta gidan waya tare da wasiƙar neman gafara. To, ma'aikatan wurin ba sa iya maida su inda suke, domin ba wanda ya san gurbin kowane. Sai dai a tara su tsibi guda a gefe. A Masar ma, a bakin birnin Alƙahira, akwai irin wannan fili, wanda aka sa ƙarƙashin tsaro a 1989.

Ƙasarmu ita ma ta yi doka ran 30 ga Yuni 1997 don kare kayan tarihi da na al'ada. Bisa wannan doka ba a haƙar irin waɗannan kaya, ba a kuma fitar da su waje, sai da izinin hukuma. In an kama kaya a hanya, dillali ya san inda zai ɓuya, mai amalanke ne ake gani.

Akwai kuma wani abu. Mu mutanen Adar mun ga yadda icce ke dawowa. A kwarin Magiya an fara dasa layukan dogon yaro don tare iska a 1975. A Kaita, tun daga 1984, maza da mata, musamman mata, sun ɗauki duwatsu a ka, sun yi shinge, sun dasa itatuwa miliyoyi, har fako ya sake yin kore. Iccen da aka sare, in an yi haƙuri, ana dasa wani, jika ya sha inuwarsa. Wanda ya koma dutsi ba shi da iri, ba shi da dashe. Guduma tana gama shi da hantsi guda.

Abin da ya kamata a yi

In kun gamu da babban gungume, ku bar shi inda yake. Kada ku tona, kada ku fasa. Ku auna tsawonsa da taki, ku lura ina kansa ya dosa, gabas ko yamma, kudu ko arewa. In akwai mai salula da ke ɗaukar hoto, a ɗauka. Ku sanar da hakimi ko sarkin rugga, shi kuma ya kai magana ga magajin gari da ma'aikatar al'adu ta jiha. Haka za ku yi in kun ga manyan ƙasusuwa cikin dutsi.

In kuwa ƙananan guntaye ne da ruwa ya riga ya watsar, guda ɗaya ko biyu sun isa a ajiye a cibiya ko a lakwal don yara su gani su taɓa, da sanin hakimi. Amma kada a ajiye ko guda ba tare da takardarsa ba. A rubuta abu biyar: sunan wurin, da nisansa daga rijiya ko gari mafi kusa, ranar da aka tsinta, sunan wanda ya tsinta, irin ƙasar da yake kai, da abin da aka gani kusa da shi. A sa lamba a jikin dutsin, a sa lambar nan a takarda, a kuma sa ta cikin littafin cibiya. Wannan aiki bai fi ƙarfin wanda ya yi wata shida yana karatu ba. Kuma ku ne kuka fi kowa cancanta da shi, domin masanin da ya taso daga Yamai ko daga Turai ba ya sanin daji kamar makiyayi da mai ginar rijiya. Sau da yawa mutanen wurin ne ke nuna wa masana inda abin yake.

Dattijon nan bai ba ni amsa ran nan ba. Ya naɗe tsummansa ya tafi. Bayan mako guda ya dawo da guntun, da wata ƴar takarda da ya rubuta da hannunsa, layi huɗu, harufa manya-manya, wasu sun karkace. Ya rubuta sunan rijiyar, da ranar, da sunansa, da "bisa jan rairayi". Ya ce ya gaya wa hakiminsu maganar gungumen. Ya ce kuma babban ɗansa bai ji daɗi ba, har yanzu suna ja-in-ja, domin rumbu bai cika ba don an rubuta takarda. Ban ce masa kome a kan wannan ba, gaskiya ya faɗa. Guntun yana nan cikin akwatin cibiyarmu, shi ne lamba 1.

Don tattaunawa a cibiya

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne ke haɗuwa kafin icce ya koma dutsi?
2. Don me iccen da ya koma dutsi ba ya cin wuta, alhali gawayin ƙasa yana ci?
3. Akwai wurin da ake samun irin wannan dutsi kusa da garinku? Yaya ake kiransa a wurinku, da Hausa, ko Tamajak, ko Fulatanci? Me tsofaffi ke faɗi a kansa?
4. Da ku ne dattijon nan, ga dillali, ga rumbu ya yi ƙasa, me za ku yi? Me gari zai iya yi don kada nauyin ya faɗa kan mutum guda?

Aikin rubutu: kowa ya ɗauko dutsi guda daga bakin gonarsa, ko wane iri ne, ya rubuta masa takarda mai abu biyar ɗin nan. Malamai su tattara amsoshin tambaya ta 3, su aiko mana, za mu karanta su a wani shiri.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu mako mai zuwa lafiya. Wassalamu alaikum.